Babur Ba Shi da Tela

Ranar da aka sauke tarkacen a ƙofar gida, Gwaggo Tela ta leƙo daga ɗakin ɗinkinta da tef a wuya, ta dubi abin da ke ƙasa, ta dubi mijinta. Ƙashin babur ne da tsatsa ta ci ta ƙoshi, da dogon tanki siriri wanda ya lotsa a gefe, sai buhu biyu na ƙarafa. Ko mai sayen gwangwani sai ya yi shawara kafin ya ɗauka. Shi kuwa maigidan sai zagaya su yake yi yana shafawa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Irinsa ne, Tela," ya ce. "Irin wanda na yi tsere da shi sak. Dubi tankin nan!"

"Na gani, Malam. Ina babur ɗin?"

"Ga shi a gabanki."

"Au, shi ne wannan? Na ɗauka abin da ya rage ne bayan hatsari."

Sauro ake ce wa maigidan, har jikokinsa haka suke kiransa a bayan idonsa. Sunan ya samo asali tun yana saurayi, siriri kamar tsinke, yana tsere a kan wani ɗan babur mai kukan da ke shiga kunne ya ƙi fita. Sunan ya zauna, jikin ne bai zauna ba. Yanzu kam in sauro ne, to ya sha ya ƙoshi.

Tun da ya bar wa yaransa garejin kanikanci ya dawo gida, sai ya zama mutumin kujera. Da safe kujera, da rana kujera, yana gardama da rediyo. Abin da ya fi tayar wa Gwaggo hankali farcensa ne. Tun aurensu ba ta taɓa ganin farcen nan babu baƙin mai ba, ta yi mita har ta gaji. Sai ga shi yanzu fari fat, mai farcen kuma ya daina dariya. Tsoro ta ji ƙwarai, don ta ga yadda kujera ke cinye maza irinsa.

Abokinsa mai walda ne ya tashe shi. Birki ake kiran wannan, saboda a zamanin tserensu tun kwana tana can nesa yake taka birki. Shi ya kawo labarin cewa ƙungiyar masu tsofaffin babura za ta yi tsere a tsohon filin jirgin da ke bayan gari, kuma an ware zagaye na musamman domin ƙananan injuna da dattawan da suka hau su a da. Shi ne kuma ya tono tarkacen a bayan shagon wani. Saboda haka duk tsiyar da Gwaggo ta yi a ƙofar gida, a zuciyarta godiya take yi.

Aka share garejin gidan, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin ɗinki, aka ɗora ƙashin a kan tebur. Daga nan kayan kicin suka fara ƙaura. Farantin gasa kek mai ramuka ya zama gidan notina, kowane rami da irin nasa. Robar wanke kayan lambu ta koma ta wanke kabureta da fetur. Wata rana Gwaggo ta buɗe firji ta tarar da boris biyu, zobban ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji, a leda kusa da madara, ta buɗe tanderun gashi ta tarar da rabin inji yana shan ɗumi.

"Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi, in ya ji sanyi ya tsuke," in ji Sauro, yana sanye da safar hannunta ta ɗaukar tukunya. "Sai ki ga boris ya faɗa gurbinsa ba guduma."

"Burodina kuma ya faɗa ina?"

An daɗe ana cin burodi mai ƙanshin gareji a gidan nan.

Sikelin kicin kuwa, tun da ya tafi bai dawo ba. Injin ƙarami ne, fistan ɗinsa bai kai ƙwan kaza ba, don haka a wurin Sauro nauyi shi ne babban abokin gaba. Duk ƙarfen da zai shiga jikin babur sai ya hau sikeli, a huda shi da injin huji, a goge, ya sake hawa. Ya huda murfin sarƙa, ya huda hannun birki, ya huda har abin da Gwaggo ta yi imani in aka ƙara masa rami ɗaya iska ce za ta rage. In ya rage nauyin cokali guda sai ya buga bango ya sanar da ita, baki cike da biskit.

Daɗin kwanakin nan ba ya faɗuwa. Keken ɗinkinta na sukuwa a wannan gefen bango, zartonsa na amsawa a wancan. Farce ya koma baƙi, maigida ya koma waƙa, rediyo ya rasa abokin gardama.

Sai dai idon tela ba ya kallon abu bai auna shi ba. Ranar da Sauro ya ɗora tanki da sirdi ya kira ta ta zo ta gani, murmushinta bai kai ƙarshe ba. Ya gina babur ɗin ne daidai da tsohon hotonsa na tsere da ya manna a bango, bai ƙara ba bai rage ba. Hannuwan can ƙasa kusa da tayar gaba. Matakan ƙafa can baya, a sama. Sirdin bai fi tafin hannu biyu ba, da ɗan tudu a bayansa. Yaron da ke cikin hoton kwance yake a kan tankin, ya naɗe ƙafafu kamar kwaɗo. Gwaggo ta dubi yaron, ta saci kallon tumbin da ke tsaye kusa da ita.

"Yaya kika gani?"

"Ya yi kyau," ta ce. "Ba ka ganin ya ɗan matse?"

"Haka ake yinsa. Ai jikina bai canza ba, rigar ma shaida ce."

To, nan gizo ke saƙa. Akwai wata rigar fata ta tsere, baƙa mai jan layi a gefe, wadda Sauro ya ajiye tun zamanin hoton. Duk shekara in Gwaggo ta fito da kayan akwati ta shanya, sai ya ɗauka ya sa, ya ja zif har wuya, ya buga ƙirji ya ce, "Kin gani?" Abin da ya faru shi ne, tun bayan haihuwarsu ta fari zif ɗin ya taɓa tsayawa a cibiya, ta ga yadda fuskarsa ta faɗi, ba ta ji daɗi ba. Da ya fita aiki ta farke gefen ta buɗe masa rara. Ita dama ba ta ɗinki ba rara, wato ɗan ƙyallen da ake bari a naɗe a ciki saboda gaba. Ta kan ce yara girma suke yi, manya kuma ƙarya suke yi. Da rarar rigar ta ƙare sai ta fara ƙara fata, siririya siririya a bin jan layin, ta shafe da jan man takalmi. Shekara da shekaru ke nan rigar tana girma tare da mai ita, ita kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba.

Da ya fita sayen kusoshi sai ta lallaɓa garejin da tef. Ta auna daga tudun sirdi zuwa bakin tanki, ta auna daga sirdi zuwa mataki. Awonsa kuwa ba ta buƙatar tef, a kanta yake. Ta yi lissafin ta gaba, ta yi ta baya, bai fita ba. Ta zauna a kan bokitin fenti ta rafka tagumi. In mutumin nan ya kasa hawan abin da ya gina, kujera zai koma, kuma a ganinta da hannunta ta saƙa masa wannan tarkon.

Dabara ta farko da ta zo mata ita ce ta rage mahayin. Ta rage sukari, ta rage mai, ta ɓoye gwangwanin biskit a bayan buhun yadi.

"Tela, shayin nan rashin lafiya yake yi?"

"Sukari ya yi tsada."

"Jiya ma?"

"Jiya ya fara."

Bai yi musu ba. Sai dai zuwa shagon Birki ya ƙaru, wai shawarar walda, yana dawowa yana sakace. Bayan wani lokaci ta lura ɗamarar wandonsa ma ƙara matsewa ta yi. Ta fito da biskit ɗin ta ajiye a inda yake.

Dabara ta biyu, ta ce ya ɗan hau ya gwada tun abin yana kan hanya. Ya dube ta kamar ta ce ya sha fetur.

"Ba a hawan babur sai ya yi magana. Tun ina yaron gareji ban taɓa ɗora ƙafa a kan injin da bai tashi ba, ba kuma yau zan fara ba."

Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, sai ta same shi yana goge salansa yana fito, ta haɗiye maganarta ta tambaye shi ko zai sha ruwa.

Ranar da babur ya yi magana, da hantsi ne. An yi masa jan fenti, ramukan nan duk suna ƙyalli. Irinsa ba shi da kik, don haka aka ɗage tayar baya, Birki ya naɗa mata igiya ya fizga. Tari ɗaya. Ya sake, tari biyu da atishawa. Sauro ya cire filogi ya hura masa iska, ya yi masa magana a hankali kamar mai lallashin jika, ya mayar. A fizga ta gaba abin ya tsage da wani irin ihu siriri mai huda kai, shuɗin hayaƙi ya cika garejin. Kyanwar gidan ta bi ta taga. Maƙwabta suka fito da hannu a kunne. Dattawa biyu suka rungume juna suna tsalle a cikin hayaƙi, Gwaggo ma ta sami kanta tana tafi, ta manta da lissafi.

"Kawo rigar!" in ji Sauro.

Aka sauke babur ƙasa. Ya sa riga, zif ya tafi sumul har wuya. Birki ya riƙe gaba, shi kuma ya ɗaga ƙafa ya haye. Sirdin ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashinsa. Ya sunkuya zai kama hannuwa, tumbi ya isa tanki tun yatsu ba su je ko'ina ba. Ya ja numfashi ya shanye ciki, ya miƙa, ya samu ya taɓa da kan yatsa. Sai ƙafa. Ya ɗaga ta dama zai kai mataki, gwiwa ta zo rabi ta ce iyakarta ke nan. Ya kama ƙafar wandon da hannu ya ja, ta ƙi.

Birki ya fashe da dariya. "Sauro, ka huda komai ka manta da babban ƙarfen!"

Ya ci gaba da dariya har ya ga fuskar abokinsa, sannan ya mayar da ita tari. Sai da Birki da Gwaggo suka taimaka kafin Sauro ya sauka. Ya cire rigar ya rataye, ya ja tsohon zanen gado ya rufe babur ɗin. Sannan ya je famfo ya ɗauki sabulu da burushi, ya tsaya yana wanke farce ɗaya bayan ɗaya.

Washegari rediyo ya sami abokinsa, amma ko gardamar babu. Birki ya zo da shawara cewa a nemi wani siriri a cikin ƙungiya ya hau, kada wahala ta tafi a banza.

"A ba duk wanda ya iya," in ji Sauro, idonsa a kan bango.

Gwaggo tana jin su daga ɗakin ɗinki. Ta taka keke, zare ya tsinke, ta sake zurawa ya sake tsinkewa. Tausayinsa da haushin kanta suka haɗu suka hana ta aiki. Da Birki ya tafi, ta ɗauko rigar fatar ta juya cikinta waje, ta je ta shimfiɗa masa a cinya. Ta ciki babu man takalmin da zai rufa asiri: ga fatu nan jere, wata ruwan ƙasa, wata shuɗiya, wata har da sauran zanen fure.

"Malam, dubi nan. Jikinka ya canza. Ni ce nake buɗe rigar."

Ta tsaya tana jiran faɗa. Sauro ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan fatar farko.

"Wannan tsohuwar jakarki ce ta hannu, mai maɓallin zinare." Ya matsa. "Wannan hannun kujerar falo ne da muka canza. Wannan shuɗiyar kuma jakar makarantar Auta, wadda kika ce ɓera ya ci."

Gwaggo ta nemi bakin kujera ta zauna.

"Ka sani?"

"Haba Tela. Ni da nake gane notin da ba na inji ba ido rufe? Rigar da na saya da siririn layi, yau faɗin layin ya kai tafin hannu."

"To me ya hana ka magana duk shekarun nan?"

"Ke me ya hana ki?" Ya shafa ɗinkin da babban yatsa. "Daɗi nake ji. Duk shekara sai in ce bari in sa in gani ko har yanzu ana kula da ni. In zif ya hau, sai in san ana yi."

Kunya ta kama ta, da wani farin ciki da bai tambayi izini ba, har ta ji idonta ya yi zafi. Ta ɗauki gefen tef ta shiga naɗewa ba dalili.

"To in ka san haka, don me ka gina shi a awon wancan yaron?"

Ya yi wata 'yar dariya mara ƙarfi.

"Na saba duk abin da na sa ya yi mini daidai. Riga na san ana buɗe mata. Babur ne na manta ba shi da tela."

Gwaggo ta miƙe, ta warware tef ɗin da ta gama naɗewa.

"Yanzu ya samu. Tashi tsaye."

"Me za ki yi?"

"Awo. Ɗaga hannu. Kada ka shanye mini ciki, na san wannan dabarar, kowane ango yana yi."

Rabon da ta auna shi da tef yana kallo har ta manta. Ta zagaya ƙugu, ta karanta lambar da ƙarfi, lambar da ba za a maimaita ta a nan ba saboda mutunci. Sauro ya ce tef ɗin ya tsufa ya tsuke. Ta ce tef in ya tsufa miƙewa yake yi, don haka ma rangwame ya samu. Ta zaunar da shi a kan benci, ta ba shi sandar tsintsiya ya riƙe, ta yi ta matsar da ita gaba da baya har inda bayansa ya daina ƙara. Ta sa ya ɗaga gwiwa zuwa inda ta yarda, ta auna daga nan zuwa ƙasa. Sannan ta yaye zanen gadon, ta ɗauko allin ɗinki ta hau zane a jikin jan fenti.

"Wayyo fentina! Tela, in aka ɗaga hannuwan nan ai ya tashi daga irin na da. Masana za su yi mini dariya."

"Kullum sai an kawo mini hoton wata a ce in ɗinka irinsa sak. Sai in ce, baiwar Allah, hoton zan sa wa rigar ko ke? Zaɓi ɗaya, Malam: babur na bango ko na hawa."

Ya dubi hoton, ya dubi allin. "A taɓa komai, ban da tanki."

"Tanki kwala ce, ba a taɓa kwala. Baya za mu buɗe."

Aka kira Birki da injin waldarsa. Ya zo yana murna, don tun ranar dariyar nan bai sami sukuni ba. Aka yi wa hannuwa ƙarin wuya suka ɗago. Aka ƙara ƙarfe a baya, sirdi ya ja da baya ya ba tumbi masauki. Matakan ƙafa kuwa, Sauro ya yanka faranti biyu na ƙarfe da kansa, ya sauko da su ƙasa ya matso da su gaba. Kowane ƙari sai da ya hau sikeli, maigidan yana kallon allurar kamar mai karɓar gaisuwar rasuwa.

"Duk ramukan da na huda sun tafi a banza," ya ce.

"Ba su tafi ba, Malam, su suka biya kuɗin biskit," in ji Birki, ya sauke gilashin walda da sauri kafin sifana ta iso.

Gwaggo ta kafa doka irin ta shagonta: ba a gama ɗinki sai an yi gwaji. Birki ya ɗan ɗiga walda, Sauro ya hau, ta zagaya da alli a baki tana cewa nan ya ja, nan ya yi yawa, a sauke a gyara. Mutumin da bai taɓa hawan aiki ana cikin yi ba sai ga shi yana hawa yana sauka kamar amarya a gaban madubi, har da tambayar ko ta baya ya zauna. Sirdin ita ta yi shi da hannunta, da soso mai kauri da fatar da ta rage daga kujerar falo. Kafin a gama, farce ya koma yadda ta san shi.

Ranar tsere suka isa filin da safe, babur a bayan motar Birki an ɗaure shi da igiyar shanya. Filin cike da furfura da shuɗin hayaƙi. Gwaggo ta bi sauran baburan da idon sana'a, ta ga ashe ba su kaɗai ba ne: wannan an ɗaga masa hannuwa, wancan an ɗaure masa matashin kujera a sirdi, wani dattijo ma da sandarsa a saƙale a gefe. Masanan da ake tsoro kowa da gwiwarsa yake fama.

Da yake turawa ake yi injin ya tashi, an yarda kowane dattijo ya zo da mai tura shi. Birki ya dafa baya, aka ɗaga tuta, ya yi taku kaɗan ƙugunsa ya riƙe, ya tsaya yana dafe da shi. Halin dai bai canza ba. Sauran suka tashi suka bar Sauro yana jan ƙafa a ƙasa. Gwaggo ba ta san sa'ad da ta cire takalma ta ɗaure mayafi a ƙugu ba. Ta dafa tudun sirdin da ta ɗinka, ta sunkuyar da kai ta tura da duk ƙarfin ƙafafun da suka yi shekaru suna taka keke.

"Saki kulocin, Sauro!"

Ya saki. Babur ya yi tari, ya fizge daga hannunta da ihun nan nasa, saura kaɗan ta kifa. Da ta ɗago, sai ta hango ƙatuwar baƙar riga mai faffaɗan jan layi tana tafiya a kan wani ɗan abu ja, ƙafafu biyu daram a kan mataki.

Ba za a ce ya yi gudu irin na hoto ba. A miƙaƙƙiyar hanya injin yana kuka kamar zai fashe, amma tafiyar ta natsuwa ce. Sai dai a kwana, inda sauran ke taka birki tun da nisa, Sauro kwantawa yake yi ya shige, tsohon hannu ya tuna aikinsa. Ya wuce mai sanda. Ya wuce mai matashi. Ya wuce wani da sarƙarsa ta zube. Duk sa'ad da ya zo ta gabansu Gwaggo tana tsalle ba takalmi tana kiran sunan da jikoki ke ɓoyewa, Birki yana ihu yana dafe da ƙugu. Waɗanda suka yi gaba sun yi gaba abinsu, ko ƙurarsu bai gani ba. Ya shigo a tsakiya, da mutane a gabansa da mutane a bayansa, ya cire hular kwano fuskarsa jiƙe, yana cewa hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Bayan an watse suka zauna a inuwar motar, Birki ya tafi neman ruwan sanyi. Gwaggo ta ɗauki tsumma tana goge wa babur ƙura, don yanzu tana ganin da ita a cikinsa. Da ta zo kan farantin da ke riƙe da mataki sai ta tsaya. A ƙasan kusar akwai wasu ramuka a jere, suna sauka ɗaya bayan ɗaya har bakin farantin, kowanne daidai faɗin kusar. Ta leƙa ɗaya gefen, haka.

"Malam, har yanzu ba ka daina rage nauyi ba?"

"Wannan ba na nauyi ba ne." Ya matso da ƙyar, ya tsuguna iyakar yadda gwiwa ta bari. "Rara ce. Gwiwar nan ba ƙara lanƙwasuwa za ta yi ba. Baɗi in ta ƙi, sai mu sauko da matakin rami ɗaya. Wata shekarar mu ƙara saukowa."

Ya bi ramukan da yatsa yana nuna mata, baƙin mai ya cika farcen taf. Gwaggo ta bi yatsan da ido har ƙasa. Ramukan suna da yawa, sun fi yadda ita kanta za ta yi ƙarfin halin bari. Daɗi ya cika ta, ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge.

"Ka bar da yawa," ta ce daga baya.

"A wurinki na koya."

Ta ciro sabulun da ta zo da shi a jaka domin hannunsa, ta dube shi, ta mayar ta ja zif.